"Kabari Za Ka Tafi Da Su?" Gorin Dangi Da Jarin Ɗan Kasuwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wata waya da aka bugo mana cikin shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, kwanaki kaɗan bayan babbar sallah. Mai bugowar wani magidanci ne da ke sayar da kayan masarufi a bakin iyaka, bai faɗi sunansa ba, mu ma ba mu matsa masa ba. Ya ce ya je ƙauyensu sunan ɗan ƙanensa, bisa tsohon babur ɗin da ya shekara 9 yana hawa, sanye da shaddar da ya yi sallar bara da ita. Ana cikin rabon goro sai gwaggonsa ta ɗaga murya gaban mutane ta ce: "Alhaji, wai kuɗin nan da kake tarawa kabari za ka tafi da su?" Aka kwashe da dariya. Wani ƙanensa ya ƙara da cewa ai yaya hannun jarirai gare shi, ba ya buɗewa. Ya ce shi ma ya yi dariyar yaƙe, amma da ya koma gida ya kwana bai runtsa ba, ga shi kuwa shi ne ya sayi ragon sunan.

Tun daga wannan lokaci har muka rufe shiri waya ba ta huta ba. Wasu suka ce wallahi kamar labarinsu yake bayarwa. Wasu kuma, musamman mata da samari, suka ce a daina kare marowata, domin kuwa sun san masu shaguna da iyayensu ke kwana cikin ɗaki mai yoyo. Na saurari kowa, kuma ra'ayina shi ne wannan magidanci yana da gaskiya a mafi yawan maganar, ko da yake ba dukkanta ba. Bari mu bi ta a hankali.

Da farko dai, me ɗan uwa yake gani idan ya zo kasuwa? Yana ganin shago maƙil da katan-katan na taliya da sabulu da madara, ga buhunan sukari har rufi, ga kuɗi na shiga aljihun Alhaji tun safe har la'asar. Sai ya koma gida ya ba da labari cewa wane ya yi kuɗi. Abin da bai gani ba shi ne littafin da ke ƙarƙashin tebur. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Maraɗi ko Ƙonni ko Magarya ya san galibin kayan da ke shagon ƙaramin ɗan kasuwa ba nasa ba ne. Wani ubangida ne ya ba shi bisa amana, ko dai babban ɗan kasuwa na cikin gari, ko wani a kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano, ya sayar ya kawo kuɗi sannan a ƙara masa wasu. Ranar da ya saɓa alkawari sau ɗaya, sau biyu, ranar ce ƙofa ke rufewa, kuma labari ba ya kwana bai zagaye ƴan kasuwa ba.

Alal misali, a ce mutum yana da kayan sefa miliyan 3 a shago. Miliyan 2 na ubangida ne, miliyan 1 ne jarinsa na kansa. A ce ya yi sa'a ya juya kayan nan duka cikin wata guda, ya samu ribar 5 cikin 100, wato jika 150. Daga cikin wannan jika 150 ne za a fitar da hayar shago, da kuɗin mota da na masu dako, da abin da aka biya a duwan, da harajin kasuwa, da sallamar yaron shago, da cefanen gida na kwana 30, da kuɗin makarantar yara, da magani idan zazzaɓin damina ya shigo. Ban ce wannan lissafin kowa ne ba, misali ne kawai, amma ku masu shago ku faɗa mini: idan jika 25 ta yi saura ai an gode Allah. To sai ga ƴan uwa 5, kowanne da buƙatar jika 10, kuma kowanne a ganinsa abin da ya roƙa ba komai ba ne a wurin Alhaji. Jika 50 ke nan. Ina sauran jika 25 za ta fito? Daga uwar kuɗi. Wanda kuwa ya fara cin uwar kuɗi, ko bai sani ba ya kama hanyar rufe shago, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bugu da ƙari, mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsala da ɗan kasuwar cikin ƙasa bai cika saninta ba, wato kana kwana da dukiya ka tashi an yanke mata hukunci daga wani babban birni da ba ka taɓa zuwa ba. Manyanmu suna tuna watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, inda Illela da Maigatari suka kasance cikin na farko da aka buɗe. Wata 16 ke nan. A farkon 2023 aka yi rikicin canjin takardun naira, mutane na riƙe da tsofaffin kuɗi a wannan ɓangare namu ba su san inda za su kai su ba. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur a Najeriya, abin da ya girgiza duk masu cin abinci da jarka. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin da ya biyo baya, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na lalacewa a cikinsu. Ita kuwa naira, jika guda ta sefa da ba ta kai naira 700 ba a 2019, a 2024 ta haura naira 2,000. Wanda ya ba da bashi da naira, ko ya ajiye jarinsa da naira, ya ga dukiyarsa ta narke yana kallo.

Ina tambaya: su wane ne suka fito daga waɗannan shekaru shagonsu a buɗe? Ni dai a iya yawon da na yi da na'urar ɗaukar murya tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, waɗanda na tarar suna tsaye galibinsu su ne waɗanda ake yi wa dariyar tsohon babur. Na san waɗanda suka canza mota lokacin da kasuwa ke ci, suka yi biki na kece raini, maroƙa suka kai sunansu sama, yau suna zaune a bencin shagon wani suna jiran a ce su miƙo kaya. Abin takaici kuma shi ne, bakin da ya ce musu marowata kafin su buɗe hannu, shi ne dai bakin da ke cewa yanzu ai dama wane ba ya da tattali, ya samu ya watsar. Ɗan kasuwa ya riƙe wannan da kyau. Kashe kuɗi ba ya rufe bakin mutane, sai dai ya canza musu magana.

To amma fa kada a ce na zo wanke ƴan kasuwa da sabulu. Masu bugowar da suka fusata su ma suna da hujja. Da yawa daga cikinmu jarin farko ba daga sama ya faɗo ba. Akwai wanda uwarsa ta sayar da akuyoyinta, akwai wanda yayarsa ta ba shi kwasar adashenta, akwai wanda kawunsa ya riƙe shi shekara 7 a shago kafin ya sallame shi da kaya. Ƙanen da ya zauna ƙauye yana noma gonar gado, shi ke kula da tsofaffi, shi ke aiko maka da buhun hatsi bayan kaka. A shekarar yunwa ta 2005, da ta yi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, gidaje nawa ne suka rayu saboda ɗan uwa guda da ke kasuwa? Kuma ƴan kasuwa nawa ne, da gobara ko rufe iyaka ta karya su, suka koma gidan gado suka ci tuwon ƙannensu? A ƙasar da yawancin mutane ba su da inshora ba su da fansho, dangi su ne asusun da ake zubawa don ranar wuya. Wanda ya ƙi zubi ba ya da bakin neman kwasa.

Saboda haka akwai tattali, akwai kuma rowa, kuma ba su da wuyar bambancewa. Mai tattali da kansa yake fara tsukewa. Shi ne mai tsohuwar riga, shi ne mai cin abincin gida a kwano maimakon sayen na kasuwa, amma hatsi ba ya yankewa a gidansa, kuma idan mahaifiyarsa ta yi ciwo ba ya jiran a aiko sau biyu. Marowaci kuwa a kan wasu yake tsukewa. Yana tsayawa wurin mai tsire da dare ya ci ya goge baki, gida kuwa an kwana uku ba a ga nama ba. Wayarsa sabuwa ce, ɗansa kuwa an koro shi daga makaranta. Idan kai ne wannan na biyu, to gwaggo ba ta yi maka gori ba, gaskiya ta faɗa maka, kuma wannan rubutu ba domin kai aka yi shi ba.

Malamai sun sauƙaƙa mana wannan lissafi, sai dai ba mu cika tambayarsu ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyarwar da ta zama dole a kan mutum ita ce ta matarsa, da ƴaƴansa, da iyayensa idan ba su da hali. Bayan wannan akwai zakka, kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi da kayan ciniki idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, kuma ɗan uwa mabuƙaci wanda ciyar da shi ba ta wajaba a kanka ba yana cikin waɗanda za a iya ba su. Sauran kuma sada zumunci ne, gwargwadon iko. Duk wanda ya duba Suratul Isra'i daga aya ta 26 zuwa ta 29 zai ga an haɗa haƙƙin ɗan uwa da hani ga almubazzaranci a wuri guda, an kuma hana ƙanƙamewa kamar yadda aka hana sakin hannu gaba ɗaya. Babu inda aka ce sai ka ɗinka sabuwar shadda kowane suna, ko ka canza babur domin ƴan uwa su ji daɗin nuna ka.

Yanzu sai mu zo kan abin da magidancin nan ya tambaya: idan an jefe ka da maganar gaban jama'a, me za ka ce?

Ni a ganina, kafin ka buɗe baki, dubi wane ne ya yi maganar. Idan taubashinka ne, ɗan gwaggo ko ɗan kawu, ai wannan haƙƙinsa ne, kai ma kana da naka. Wasan taubasai da na tsakanin ƙabilu abu ne da muke alfahari da shi a Nijar, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2014. Wanda ya yi fushi da taubashi ya ba da kansa. Ya ce maka marowaci, ka ce masa ai tara wa kake domin ranar da za ka saye shi da gonarsa. A yi dariya a wuce. Kuskure ne babba ka mayar da wasa shari'a.

Idan kuwa babba ce, gwaggo ko inna ko yayar mahaifi, to ba a musayar magana da su a taro, ko da kai ke da gaskiya. Duk amsar da ka bayar, abin da za a tafi da shi gida shi ne Alhaji ya yi kuɗi ya raina manya. "Allah ya ba ki haƙuri Gwaggo, a taya mu da addu'a" ta isa. Amma kada ka bar maganar nan ta mutu a wurin. Bayan kwana biyu ka je ka same ta ita kaɗai a ɗakinta, ka zauna ƙasa, ka tambaye ta ko akwai abin da ke damunta. Na lura sau da yawa tsofaffinmu ba su iya roƙo ba, kunya ba ta barinsu, sai buƙatar ta fito ta hanyar habaici. Baƙar maganar da ka ji a taro wani lokaci kuɗin magani ne da aka kasa tambaya.

Akwai kuma kashi na uku, wanda ba wasa yake ba, ba kuma buƙata ce ta dame shi ba, ciwon ganinka kawai yake ji. Shi wannan ko ka ba shi shagon da mabuɗinsa zai ce ka ɓoye wani. Gaishe shi, ka je sunansa da jana'izarsa, ka ba shi abin da kake ba kowa, kada ka ƙara ko dala don tsoron bakinsa. Ranar da ya gane magana na fitar da kuɗi daga aljihunka, ka ɗauki ma'aikacin da ba ka da ikon sallama.

Abubuwa biyu nake roƙon ƴan kasuwa su daina. Na ɗaya shi ne rantsuwar ƙarya. "Wallahi ko dala ba ni da ita", alhali mutumin ya ga an biya ka kuɗin katan 10 yanzun nan. Ka yi zunubi, ka kuma zubar da girmanka, gobe ko gaskiya ka faɗa ba mai yarda. Me zai hana ka ce: "Ƙanena, kuɗin da ka gani na masu kaya ne, ba ni da ikon taɓa su. Abin da zan iya yi maka wannan watan jika 3 ce, ga ta." Magana ce mai ɗaci a karon farko, amma tana da ƙafafun tsayawa. Na biyu shi ne kishiyar wannan, wato buɗe littafi gaban kowa don a wanke kai. Ba dole ba ne duk dangi su san nawa ka samu, nawa ake bin ka. Abin da ka faɗa a zaure da hantsi, kafin azahar ya isa kunnen mai ba ka kaya, ko kunnen ɓarawo. Mutum ɗaya ko biyu masu hankali a cikin dangi, waɗanda ake jin maganarsu, su ne ya kamata su san haƙiƙanin halin da kake ciki, domin su ne za su tare maka a inda ba ka nan.

Wata dabara da na gani a wurin wani tsohon ɗan kasuwar hatsi, Allah ya jiƙansa, ita ce yana da gwangwani dabam na dangi. Duk ranar kasuwa yana jefa wani abu a ciki gwargwadon cinikin ranar. Wanda ya zo da buƙata daga nan ake ba shi, idan ya ƙare ya ƙare, sai wata kasuwar. Yana kuma aika wa tsofaffin gidansu sabulu da sukari da goro kafin azumi ba tare da an tambaya ba. Ya kan ce abin da ka kai da ƙafarka ya fi ninkinsa da aka zo aka karɓa, domin na farko zumunci ne, na biyu kuwa kamar haraji. A zamanin nan da buƙata ke shigowa ta WhatsApp da tsakar dare, ana cewa ka tura yanzu-yanzu tun da ga wuraren aika kuɗi a kowace unguwa, wanda bai yi wa kansa irin wannan iyaka ba zai wayi gari ya tura jarinsa jika biyar-biyar. Idan kuma bashi ɗan uwa ya ce yana so, to a kira shi bashi, a rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Idan ka san ba za ka iya bin sa ba, gara ka ba shi rabin abin kyauta, ku rabu kuna gaisawa.

Akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba a wannan magana, su ne matan ƴan kasuwa. Kai ana gaya maka sau ɗaya a shekara, ita kuwa kowane biki sai an duba zanenta, an duba kunnenta, an tambaye ta ko mijin nata bai ga ankon ba ne. Sau da yawa ma ita ake ɗora wa laifin, a ce ita ta kama hannunsa ta raba shi da danginsa. Idan ka zaɓi tattali, to ka zaunar da ita ka gaya mata dalili, ta san fili kake son saye ko jari kake son ƙarawa, kuma ka ware mata abin da za ta shiga cikin mata ba tare da sunkuyar da kai ba. Idan ƴan uwanka suka taɓa ta, kai ne za ka fito ka ce shawarar taka ce. Ba daidai ba ne kai ka ci ribar tsimi, ita ta sha gorinsa.

Ni kaina ban tsira ba. Tun da ake jin muryata a rediyo, a ƙauyenmu an ɗauka albashina ya kai na minista, alhali duk wanda ya san rediyon karkara ya san wani watan sai da haƙuri. An taɓa ce mini a gidan biki wai na bar baki ya yi arziki aljihu ya ƙi fita zakka. Na ji zafi ƙwarai, na yi wata uku ban taka garin ba, kuma yau idan na tuna na san ni na yi asara, domin cikin watannin nan ne wani kawuna ya kwanta ciwo ban sani ba sai da aka kusa sallamarsa daga asibiti. Wanda ya faɗi maganar kuwa ya manta ma ya faɗa.

Shi dai magidancin da ya jawo wannan rubutu ya sake bugo mana bayan mako biyu. Ya ce ya koma ƙauye ranar da ba kasuwa, ya sami gwaggon ita kaɗai. Bayan an daɗe ana gaisawa sai ta nuna masa bangon ɗakinta da ruwan bara ya ci, ta ce ta aika wa ƙanensa ya gaya masa tun kafin azumi, ashe saƙon bai taɓa isowa ba. Ya sa an gyara bangon, abin bai kai jika 20 ba. Na tambaye shi ko ta janye maganarta. Ya yi dariya ya ce ina, da zai tafi sai da ta leƙo ta dubi babur ɗin ta ce har yanzu wannan akwalar kake hawa? Ya ce mata ita ce dai Gwaggo, sai baɗi idan iyaka ta zauna lafiya.